Allura Da Safe, Bargo Da Rana

Masu rubuto min cewa in yi haƙuri in koma ɗakina, duk na ga saƙonninku, na kuma gode. Ku ɗan riƙe nasihar tukuna, ku ji abin da ya faru ranar da aka sa za a yi mana sulhu. Wanda yau ya fara leƙowa kuma, ga inda aka kwana: ni ce auta a gidanmu, aurena ko shekara bai rufa ba na jawo akwatina na dawo gaban iyayena. Har zuwa safiyar ranar nan babu wanda ya san dalili sai ni da mijina da wata nas.

Dalilin kuwa yana tafin hannuna. Wasu tabo ne jajaye-jajaye suka feso min a tafin hannu da na ƙafa, ba ƙaiƙayi ba zafi. Da farko sabulun wanki na ɗora wa laifi. Da aka ɗebi jinina aka ce tunjere ne, sai da na sa aka maimaita min, don ni a zatona ciwon mutanen da ne, irin wanda tsofaffi ke ambata suna rage murya. Nas ɗin ta ce yana nan daram, ta kwanciya ake ɗaukarsa, nawa kuma sabo ne, allura ɗaya za ta gama da shi. Ni kuwa Allah ne shaidata, namiji ɗaya na sani a duniya.

Ranar da na gaya masa, ya dawo daga shagonsa na haɗa tagogi kenan, yana zaune yana kwance igiyar takalmi. Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Sai ki je ki nemi wanda ya ba ki." Wallahi da mari ya ɗauke ni da shi da ya fi min sauƙi. Washegari na bar masa gidan.

A gida kuwa tambaya ake ta yi, ni kuma ina ta kame-kame. Da wane baki zan dubi Baba in ambaci wannan ciwo? Mama ta yi lallashi, ta yi faɗa, daga baya ta yanke hukuncin shagwaɓar auta ce ke damuna. Ni dai kullum hannuna a dunƙule yake cikin mayafi, abinci ma sai na ɗauka na shige ɗaki.

Ana gobe za su zo sulhun na tura wa mijina saƙo: "Da safe za a yi min allurar. An ce kai ma dole a yi maka." Amsa ta dawo kamar jira yake yi: "Ni lafiyata ƙalau. Gobe da Yayana zan zo. Kika buɗe baki zan buɗe nawa, zan ce a gwada ni a gaban Baba mu ga wanda zai ji kunya." Ina cikin kuka wani saƙon ya shigo: "Na yi kewarki. Kin ci abinci kuwa?" Ku faɗa min, ya mutum zai yi da irin wannan namiji? Abin haushin ma, sai da zuciyata ta motsa da na karanta na biyun.

Ba don son raina na yi ta jan ƙafa da allurar nan ba. A gidanmu allura ba abin wasa ba ce. Ƙanwar Mama, wadda ban tashi na gani ba sai a hoto, tana budurwa aka yi mata wata allura, kafin a ce kwabo numfashinta ya sarƙe, a kan cinyar Mama ta cika. Tun daga nan Mama ta kafa doka: a sha ƙwaya, a sha na ruwa, amma ban da allura sai in rai ne a bakin hanci. Da wannan tsoron muka girma, ni da yayyena duka.

Da safe na ce wa Mama zan je karɓo ɗinki, na zarce asibiti. Nas ɗin wata gajeriya ce mai gilashi a kan hanci, tana magana tana aiki. Na ba ta labarin ƙanwar Mama, ta tsaya ta saurare ni tsaf, ta tambaye ni magungunan da na taɓa sha, da ko wani ya taɓa sa ni kumburi. Na ce a'a. Ta ce ko ina da ciki, na ce babu. Sannan ta ce in kwanta rub da ciki. Jama'a, fenisilin ɗin nan fari ne mai kauri, shigarsa kamar ana tura maka tafasasshen kunu a cikin tsoka. Na ciji gefen mayafina har sai da ya huje.

Ta zaunar da ni a benci ta ce ba inda za ni sai ta ga yadda jikina ya karɓa. Zaman ma a karkace na yi shi, ɓari ɗaya, don ɗayan ba ya taɓuwa. Tana haɗa kayanta tana yi min bayani. Ta ce ko bayan na warke jinina zai daɗe yana nuna alamar ciwon, kada in firgita in an sake gwaji. Ta ce anjima da rana zan iya jin zazzaɓi. Daidai nan wayata ta yi ƙara, sunansa ya fito, na sunkuya ina karantawa: "Ki sa koriyar rigar nan da nake so." Ina jin muryar nas sama-sama tana cewa, "kada ki tsorata, amma idan kika ga..." Abin da zan gani ɗin ne ban ji ba. Na ɗago na ce to, ta rubuta min lambarta a waya, na kama hanya.

Na tarar Mama ta juye gidan. An cire ledar kujerun falo, an sauya labule, an fito da kofunan shayin nan masu bakin zinariya da ba a taɓa su sai baƙo mai nauyi. A kan gadona ga koriyar doguwar rigar an goge ta, ga mayafinta mai duwatsu a gefe. Ashe har ita ya tura wa saƙo.

"Ina ɗinkin?" in ji Mama.

"Bai gama ba."

"Telan nan naki ya ji tsoron Allah. To me ya sami ƙafarki kike ɗingishi?"

"Takalmi ne, Mama."

Har azahar lafiya lau nake. Na yi wanka, na sa rigar, na zauna gaban madubi zan ja gira. Sai na ga fensirin yana rawa. Na riƙe hannun da ɗaya hannun, shi ma yana rawa. Wani sanyi ya taso min daga tsakiyar baya ya bi ƙashina har yatsun ƙafa, alhali rana ake ƙwallawa a waje, fanka ma iskar zafi take hurowa. Kafin in miƙe haƙorana sun fara haɗuwa, kaina ya sara kamar an ɗora min turmi, kowace gaɓa tawa ta ɗauki ciwo. Na rarrafa na jawo bargo daga saman kwaba na duƙunƙune.

Can na zaro hannuna don in ɗauki waya, sai idona ya sauka a kansa. Tabon nan da suka fara dusashewa sun taso sun yi jawur, wasu sababbi sun bi damtsena, na ɗaga riga na ga har ciki da ƙirji. Innalillahi! Abin da nas ta ce in na gani ɗin kenan? Hoton ƙanwar Mama da ke rataye a falo ya tsaya min a ido, da ɗan murmushinta na wadda ba ta san abin da ke jiranta ba. Na fara jan numfashi ina saurarensa, ina jiran lokacin da zai tsaya. Tsoro irin wannan ban taɓa ji ba tunda aka haife ni. Na ce shi kenan, yau zan mutu cikin rigar da mijina yake so, kuma in an zo yi min wanka a ga jikina, shi ne zai rage a duniya ya ba da labarin yadda ya ga dama.

"Auta! Fito ki ɗauraye min kofunan nan!"

Na ƙara nutsewa cikin bargo. Mama ta turo ƙofa tana mita, ta ga tulin bargo yana karkarwa, mitar ta tsaya.

"Subhanallahi! Ke da na bari yanzu kina kwalliya?" Ta taɓa goshina ta janye hannu. "Wuta! Jikinki wuta!"

Ta fita da gudu ta dawo da ruwa a roba da tawul. Na riƙe bargon gam, ta fincike shi. Ta zuge zif ɗin rigar tana goga min ruwa a baya, tana addu'a, sai na ji hannunta ya tsaya. Ta ga tabon. Ta ƙara jan rigar ƙasa, hannunta ya sauka kan filastar da aka manna min da auduga.

"Allura kika yi?" Muryar ba tata ba ce.

"Mama..."

"Allura kika je aka yi miki? Ni za ki kashe? Ni za ki sake ɗora wa gawa a cinya?" Robar ta kife, ruwa ya malale a kan tabarma. Ta kama fuskata da hannu biyu tana duba leɓena, tana kuka tana cewa, "Yi numfashi in ji! Yi numfashi!" Sannan ta miƙe tana neman mayafi. "Tashi mu tafi. Wace marar imanin ce ta yi miki? Yau sai ta gaya min abin da kika yi mata. Bari in kira Babanku."

Jin an ambaci Baba ya sa na wawuro waya. Yatsuna sun ƙi tsayawa, da ƙyar na danna lambar nas ɗin. Tana ɗauka Mama ta fizge wayar ta sa a lasifika.

"Ke ce kika yi wa 'yata allura? To ga ta nan tana mutuwa!"

Baiwar Allah ko gezau. Ta ce, "Mama, sannu. Ki taimake ni da idonki. Leɓenta ko harshenta ko fuskarta sun kumbura?"

Mama ta sake dubawa. "A'a."

"Numfashinta yana fita da ƙara, ko tana jin maƙogwaronta ya shaƙe?"

Na ce, "A'a, sanyi ne kawai da ciwon kai, sai tabon da suka ƙaru."

"Suna ƙaiƙayi, sun yi ruɗu-ruɗu kamar cizon tururuwa?"

"A'a, irin na da ne, sun dai fi ja."

"To alhamdulillahi. Ai na gaya miki da safe, kina ta wayarki. Wanda jininsa bai karɓi allurar ba, yawanci nan take abin ke kama shi, shi ya sa na tsare ki a benci. Wannan daban ne. Maganin ne ya faɗa wa ƙwayoyin ciwon yana kashe su da yawa lokaci guda, jiki kuma yana fama da gawarwakinsu. Ba kowa yake yi wa haka ba, amma wanda ya yi wa, to akwai abin da allurar ta samu ta kashe a jikinsa. Ki sha farasitamol, ki sha ruwa sosai, ki kwanta, zuwa gobe war haka in Allah ya yarda ya sake ki. In kuwa kika ga kumburi, ko numfashi ya yi wuya, ko jiri yana neman kayar da ke, kada ku tsaya kirana, ku taho."

Ashe ba mutuwa zan yi ba. Amma murnar ko minti ba ta yi ba, don Mama ta matso da wayar bakinta ta ce, "Ƙwayoyin wane ciwo?"

Nas ta ce, "Mama, wannan 'yarki ce za ta gaya miki."

Wayar ta katse, ɗakin ya rage daga ni sai ita sai ƙarar fanka. Na buɗe mata tafin hannuna da na yi makonni ina ɓoyewa, na faɗi sunan ciwon, na faɗi yadda ake ɗaukarsa, idona a kan tabarmar da ta jiƙe.

"Mijinki ya sani?"

"Ya sani. Ya ce ba shi ba ne, in je in nemi wanda ya ba ni. Ya ce yau zai nemi a gwada shi a gaban Baba."

"Shi da kansa zai ce a gwada shi?"

"Haka ya ce. Mama, wallahi tallahi ban taɓa..."

Ta ɗaga min hannu. Ta dube ni, irin kallon da ba ta taɓa yi min ba, kallon mai auna abu. Ta ɓallo ƙwaya biyu ta ba ni da ruwa, ta zuge min zif, ta mayar min da bargon, ta ɗauki robarta ta fita. Ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ba ta yarda ba. Kuma ban ga laifinta ba, don ni kaina na tambayi kaina: mai laifi zai ce a gwada shi? Sanyin da na ji a lokacin ba na allura ba ne. Mutuwar da nake tsoro ɗazu sai na ga ashe da sauƙi, a kan uwata ta rayu tana shakkar wace ce ta haifa.

Bayan la'asar na ji tsayuwar mota, na ji sallama, na ji Baba yana yi musu maraba. Jim kaɗan Baba ya ɗaga murya, "Auta, fito mana."

Haka na fito, koriyar riga a ciki, bargo mai hoton damisa a waje, ina dafa bango. Na durƙusa na gaishe su na zauna a ƙasa gefen ƙafar Baba, a karkace. Baba ya ce, "Ashsha, ba ki da lafiya ne?" Na ce ɗan zazzaɓi ne. Ban ɗaga kai ba. Takalman mijina kawai nake gani a bakin ƙofa, waɗanda ni na zaɓa masa.

Yayansa ya gyara murya. Mutum ne mai son jin kansa, sai da ya zagaya duniya da haƙurin zaman aure kafin ya sauko. "Baba, ƙanena ya ce akwai wata magana mai nauyi tsakaninsu, ta rashin lafiya, wadda shi kunya ta hana shi faɗa. Ya ce don a cire zargi, a shirye yake a kai shi duk asibitin da kuka zaɓa a ɗebi jininsa. In ya so, kowa ya san inda abin ya fito."

Na ji Baba ya juyo yana kallon tsakiyar kaina. Kunnuwana suka ɗauki ƙara. Cikin ƙarar nan sai na tsinkayi wata 'yar ƙara daban, ƙyar-ƙyar-ƙyar, kamar cokali a gefen faranti. Na ɗago.

Kofin shayin ne a hannun mijina yake kaɗawa a kan ɗan farantinsa, har shayin ya zube masa a wando. Jaket ce a jikinsa, cikin wannan zafin, ya ja zif har wuya. Idanunsa sun yi ja, leɓensa na rawa, yana ta ƙoƙarin danne haƙoransa. Kuma kujerar nan mai laushi da Mama ta cire wa leda, bai zauna a cikinta ba. A bakinta ya ɗosana, ya karkata ɓari ɗaya, ya tokare da gwiwar hannu.

"Kada ku damu da shi," in ji Yayansa, "tun a mota ya fara. Da safe ya ce min zai je awon wasu tagogi, ina jin can ya kwaso zazzaɓin sauro."

Awon tagogi! Nan take komai ya warware min. Wato ya karanta saƙona, ya zage ni, gari na wayewa ya lallaɓa wani wuri aka yi masa allurar a ɓoye, don ya wanke jininsa kafin ya zo yana bugun ƙirji a gaban Baba. Bai san jini ba ya mantuwa da wuri ba. Bai kuma san allurar tana da baki ba. Sai dai ni kaɗai na gane, kuma in ni na faɗa, wa zai ɗauka? Na waiga neman Mama.

Tana tsaye a bakin labule, tire a hannunta. Ban san tun yaushe take wurin ba. Ta dubi zamansa, ta dubi nawa. Ta dubi hannunsa da ke rawa, ta dubi nawa. Ta ajiye tiren a hankali ta juya ciki.

Wayata ta yi motsi a cikin bargo. Shi ne, daga kujerar da ke gabana, wayarsa a ɓoye gefen cinya: "Don Allah ki rufa min asiri." Na ɗago muka haɗa ido. Fuskar nan ce dai da na so, ta yi zuru-zuru, tana roƙona. Ba zan yi muku ƙarya ba, tausayinsa ya tsarga min, don na san sanyin da yake ji har cikin ƙashi.

Labule ya ɗaga. Mama ta shigo rungume da babban bargon Baba, ta warware shi ta yafa wa surukinta har kafaɗa, ta gyara masa gefe kamar ɗan cikinta. Sannan ta tako ta zauna a ƙasa kusa da ni, ta zaro hannuna daga cikin bargo ta riƙe a kan cinyarta, tafin a buɗe, a gaban kowa.

"Rufa da kyau, ɗana, an ce zuwa gobe zai sake ku," in ji ta. "In ka ɗan ji ɗumi, sai ka gaya wa Babansu wace allura aka yi maka yau da safe. Ita Auta ta riga ta gaya min tata."

Kofin ya suɓuce ya tarwatse a ƙasa. Baba ya cire gilashinsa ya ninke, ya juya gaba ɗaya yana fuskantar mijina. Shi kuma ni yake kallo. Na kife wayar, na ƙara matse hannun Mama, ina jira tare da kowa.